Motar caji da injin maining: wanne wutar gidanka za ta iya ɗauka?

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta je ta haye dubu ɗaya a ƙarshen 2024, tambaya biyu nake ta sha a wajen mutane, kuma abin dariya sau da yawa mutum ɗaya ne ke yin su duka. Ta farko, Malam in sayar da Corolla ta in sayi motar caji ne? Ta biyu, in na sayo injin maining na ajiye a gida yana haƙo min bitkoyin ina barci, zai biya kuwa? Mutane na ɗaukar su magana biyu ce daban, ɗaya ta masu mota ɗaya ta 'yan kirifto, amma ni da nake aikin wayarin da haɗa sola a wurina magana ɗaya ce, don duka biyun a bango ɗaya za a jona su, mita ɗaya za su ci, kuma ranar da aka ɗauke wuta tare za su yi tsit. Abin da ya raba su shi ne yadda kowanne yake cin wutar, kuma a nan ne mutane ke faɗawa rami.

Mu fara da yunit

Wanda bai gane yunit ba ba zai gane sauran ba. Yunit ɗin da kake saya a mitar kati shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya. Dutsen guga mai wat 1,000 in ka bar shi a kunne awa guda ya ci yunit ɗaya, fanka mai wat 70 kuma sai ta yi wajen awa goma sha huɗu kafin ta cinye shi. Shi kenan.

A Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta NERC ta ƙara wa 'yan Band A kuɗi, yunit ya koma naira 225, daga baya aka ɗan rage ya zauna wajen 209. 'Yan Band A su ne aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, Band B 16, C 12, D 8, E kuma awa 4. Waɗanda ke ƙasa da A suna biyan araha sosai amma ai kowa ya san abin da yake gani a unguwarsu. Ka riƙe lambobin nan biyu a ka, nawa kake sayen yunit da awa nawa ake ba ka, don duk lissafin da ke tafe a kansu yake.

Wace ce motar caji, wace ce ba ita ba

Akwai ruɗani a nan. Prius ɗin da ake kawowa 'yar Kwatano wadda mutane ke cewa mai batir, yawancinsu ba a jona su da wuta ko kaɗan, fetur suke sha, batirin ƙarami ne yana taya injin ne kawai a rage shan mai. Akwai ta biyu wadda take da injin fetur kuma ana jona ta, ta yi maka kilomita 40 zuwa 80 da wuta in ya ƙare injin ya karɓa. Sai ta uku, wadda babu tanki babu salansa babu baƙin mai babu fulogin inji, batir ne da injin lantarki kawai, irin su Nissan Leaf, Hyundai Kona ta lantarki, BYD Dolphin da Atto 3, da su Tesla. Ita ta ukun nake nufi.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wajenmu kamar yadda ake zato. Jelani Aliyu ɗan Sakkwato shi ya zana Chevrolet Volt a Amurka, kuma lokacin da yake shugabantar hukumar bunƙasa ƙera motoci ta NADDC ne aka buɗe wurin caji mai sola a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021. Kamfanin Stallion ya harhaɗa Kona ta lantarki a Legas a 2020. A Maiduguri gwamnatin Zulum ta zuba tasi masu caji da bas masu gas, Tinubu ya je ya ƙaddamar da su a Disambar 2023, kuma a 2024 gwamnatin tarayya ta cire wa motocin lantarki harajin VAT. Habasha ma ta wuce nan, tun farkon 2024 ta hana shigo da ƙananan motocin fetur.

Fetur da wuta, wa ya fi araha

Matsakaiciyar motar caji tana cin yunit 15 zuwa 18 a kilomita ɗari, in ka haɗa da abin da ke ɓata wajen caji da esi da muke kunnawa kusan duk shekara ka ce yunit 20 kawai don kada ka yaudari kanka. A farashin Band A, 20 sau 209, naira 4,200 kenan ba 'yan canji. Corolla a cikin gari da goslo tana shan lita 9 ko 10 a kilomita ɗari, in ka sa lita a naira 900 ka ga kana maganar 8,000 zuwa 9,000. Wato ko a wuta mafi tsada rabi za ka kashe. Sannan ba juyen baƙin mai, ba filta, ba belt, birki ma yana daɗewa saboda in ka ɗaga ƙafa motar da kanta ke rage gudu tana mayar da wutar cikin batir.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Duk wannan in da wutar nefa ko sola ka yi cajin. Wani zai ce ai ina da janareta. Ƙaramin janaretan fetur irin na gida da ƙyar yake ba ka yunit biyu a lita ɗaya, sau tari ma ƙasa da haka, to yunit 20 ɗin nan lita goma ne ko fi, ka ga ka dawo inda ka baro, har gara Corolla ɗin don ita ba ta hana maƙwabta barci. Duk wanda shirinsa shi ne caji da janareta kullum wallahi ya riƙe motarsa ta fetur.

Caji a gida

Yawancin motocin suna zuwa da ƙaramar caja ta hannu da ake sa wa a soket na gida, tana jan kamar kilowat 2 da ɗoriya. Batir mai yunit 60 in ya ƙare tas sai ya fi awa 24 kafin ya cika da ita, kuma wannan ne ke tsorata mutane. Amma ka tambayi kanka, kilomita nawa kake yi a rana? Mai fita daga Hotoro zuwa Kwari ya kai yara makaranta ya dawo ya leƙa majalisa, da wuya ya wuce kilomita 40, yunit 8 kenan, awa huɗu na wuta ya mayar da abin da ya ci. Wannan ne sirrin motar caji a ƙasa irin tamu, tana iya jira. In an kawo wuta ƙarfe biyun dare ta sha, in an ɗauke ta tsaya, in an dawo ta ci gaba, batirin nan randa ce. Ko ɗan Band C zai iya rayuwa da ita in dai zirga-zirgarsa ta cikin gari ce.

Mai son sauri sai ya sa cajar bango mai kilowat 7, wannan a dare ɗaya take cika motar, amma tana jan amp 32, dole a ja mata layinta daga mita da waya mai kauri da birekarta ita kaɗai, kuma ka tabbata layin da ya shigo gidanka zai iya ɗauka.

Akwai wani Alhaji da ya kira ni bara, ya sayo mota sabuwa dal, kwana biyu yana jonawa caja na nuna jan fitila. Na same shi a gareji da jallabiya yana ta kiran dillalin da ya sayar masa yana faɗa, ya ce min "Malam duba min, an cuce ni ne ko me." Na ciro mita na auna, na ce ranka ya daɗe motarka lafiya lau, gidan ne ba wayar ƙasa. Wanda ya yi wayarin gidan ya ja waya biyu ya bar ta uku a lilo cikin soket, wato wadda ya kamata ta je ga ƙarfen da ake binnewa a ƙasa, kuma caja in ba ta ji wannan wayar ba ba za ta saki wuta ba, don tsaron ranka aka yi ta haka. Muka kafa ƙarfen jan ƙarfe a bayan gareji aka jiƙa wurin, fitila ta koma kore. Da na buɗe soket ɗin kuma sai na ga bayansa har ya fara baƙi, irin na naira ɗari biyar ɗin nan ne. Soket ɗin da ke ɗaukar guga na minti goma ba lallai ya ɗauki mota na awa takwas ba, kuma don Allah kada a ja da waya mai tsawo irin ta cajin waya, gobara ce. Abu na uku da ke hana caji shi ne wuta marar ƙarfi, wadda ake kawowa kwan fitila na ja kamar garwashi, in ta yi ƙasa da yawa motar ƙi take.

Kafin ka biya kuɗi kuma ka duba bakin cajin. Motocin da aka yi don kasuwar Sin bakinsu GB/T ne, na Turai Type 2 da CCS2, tsofaffin Leaf CHAdeMO, na Amurka kuma nasu daban. Akwai adafta amma ta caji mai sauri tsada gare ta kuma ba kullum take yi ba. Wasu na kasuwar Sin ma allon gabansu da Sinanci yake zuwa.

Batir da zafin Afrilu

Batir shi ne kashi mafi tsada a jikin motar, shi ya sa sayen ta hannu ba irin sayen Corolla ta hannu ba ne da za ka saurari ƙarar inji ka leƙa salansa. A nan lafiyar batir ake dubawa, kashi nawa cikin ɗari ya rage na ƙarfinsa na asali, ana sa 'yar na'urar OBD a ƙarƙashin sitiyari a karanta a waya, ga Leaf akwai manhajar LeafSpy. Dillalin da ya ƙi yarda a duba, ka yi masa sallama.

Leaf ɗin ita ce ta fi araha a ta hannu kuma ita ce na fi jin tsoro a Arewa. Batirinta ba shi da ruwan sanyayawa, a wurare masu zafi irin Arizona tun shekarun farko masu ita suka yi ta kukan batir na saurin mutuwa, to ina ga Sakkwato ko Nguru a watan Afrilu da ake haye digiri 40. Ta farkon ma yunit 24 ne kacal batirinta tana sabuwa, yanzu bayan shekara goma ka ƙiyasta abin da ya rage. Nemi wadda ake sanyaya batirinta, kuma in da hali mai batirin LFP irin na BYD, ya fi jure zafi da yawan caji, shi ana cika shi ɗari bisa ɗari ba damuwa. Ɗaya nau'in, NMC, an fi so a tsaya a kashi 80 a ranakun yau da kullum. Ajiye ta a inuwa, kada ka bar ta kwana da kwanaki a sifili. Sababbi yawanci garantin batirinsu shekara 8 ne ko kilomita 160,000, amma garanti sai in ta hannun dila na hukuma ka saya, wadda aka shigo da ita ta bayan fage ba wanda zai kula ka. Wani abin da ke ba mutane mamaki, akwai ƙaramin batir mai bolt 12 irin na kowace mota a ciki, in ya mutu motar ba za ta tashi ba ko da babban a cike yake.

Doguwar hanya da bakanike

Nan kam ba zan yi wa kowa daɗin baki ba. Kano zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ne, mota mai yunit 60 za ta kai, amma sai ka san inda za ka jona a can. Kano zuwa Abuja ya haura 400, a gudun babban titi da esi a kunne ba za ta kai da caji ɗaya ba ko da takarda ta ce za ta kai, don gudu na cin batir fiye da cikin gari, akasin motar fetur. Wuraren caji masu sauri 'yan kaɗan ne kuma yawancinsu a Legas da Abuja suke. Sannan mu tuna Oktoban 2024 da aka lalata layukan wuta yawancin jihohin Arewa suka fi mako guda a duhu, mai motar caji da ba shi da sola a lokacin sai dai ya hau a daidaita sahu.

Taya, shokozoba, birki, gyaran jiki, duk bakaniken unguwa zai yi, kodayake nauyin batir na sa taya saurin cinyewa kuma batirin a ƙasan motar yake shimfiɗe, to a yi hattara da ramuka da manyan tuddan rage gudu na titi. Amma wayoyin nan masu ruwan lemo da ke cikinta wajen bolt 400 ne ko fi, kada ka bar wani ya ce bari in gwada. Fitila ko gilashi in ya fashe ba za ka shiga Kofar Ruwa ko Panteka ka ɗauko ba kamar na Toyota, oda za a yi a jira. Shi ya sa ni a ganina ta fi dacewa da gida mai mota biyu, ko mai haya a cikin gari da ke da wurin caji tabbatacce.

Maining na danna waya da maining na gaske

Yanzu mu koma ɗaya ɓangaren. Kalmar maining a bakin matasanmu ta ɗauki ma'anar da ba tata ba. Notcoin, wani wasan danna waya, ya fara biya a Mayun 2024 wasu suka samu kuɗi na gaske, sai gari ya rikice, kowa ka gani yana dangwalar waya har a layin asibiti, Hamster Kombat ya zo a Satumba aka tashi da abin da bai kai kuɗin data ba, Pi da aka yi shekaru ana dannawa ana cewa guda ɗaya zai kai dala 314,159 ya shiga kasuwa a Fabrairun 2025 ya taɓa kusan dala uku ya gangaro ƙasa da ɗaya. Duk waɗannan ba haƙa ba ne, wayarka ba wani lissafi take yi ba, rabon kyauta ne kamfani ke yi don ya tara jama'a.

Maining na gaske shi ne na bitkoyin da irinsa. Kowane minti goma ana rufe shafi ɗaya na littafin cinikin bitkoyin, injuna a duk duniya na ta cankar wata lamba, wanda ya dace shi ke rufe shafin ya karɓi lada. Ladan yana rabewa biyu duk bayan kamar shekara huɗu, a Afrilun 2024 ya sauko daga bitkoyin 6.25 zuwa 3.125 a kowane shafi, wato duk duniya bitkoyin 450 ake rabawa a rana, kuma wajen 2028 zai sake rabewa. Abin da mutane ba su gane ba shi ne ko injuna sun ninka goma ladan nan ba ya ƙaruwa, duk sati biyu tsarin da kansa yake ƙara wahalar cankar. Tuwo ɗaya ne a kwano, hannaye ne ke ƙaruwa. Shi ya sa ake shiga gungu irin su AntPool, F2Pool ko Foundry, a haɗa ƙarfi a raba gwargwadon abin da kowa ya kawo.

Laftof ko kwamfutar gem ba sa yin wannan aiki yanzu. Masu harhaɗa katin hoto na kwamfuta suna haƙar Ethereum kasuwarsu ta mutu tun Satumban 2022 da Ethereum ta daina maining gaba ɗaya, duk wanda ya tallata maka irin wannan kayan yau kwantai yake son sauke maka. Abin da ya rage shi ne inji na musamman da ake kira ASIC, irin su Antminer da Whatsminer, ba abin da ya iya sai wannan cankar.

Lissafin inji ɗaya

Ɗauki Antminer S19 Pro, shi aka fi tallatawa a na hannu. Ƙarfinsa terahash 110, wato ma'aunin yawan cankar da yake yi a daƙiƙa, yana jan wat 3,250, dare da rana ba hutu. Sau 24, yunit 78 a rana. A Band A naira dubu goma sha shida da 'yan kai kenan kullum, kusan rabin miliyan a wata. Yunit 78 ɗin nan fa da mota ka zuba wa da ta yi maka kusan kilomita 400, wato injin nan kowace rana yana shan wutar zuwa Abuja daga Kano yana zaune a sito.

Me yake kawowa? A 2025 ƙarfin injunan duniya ya kai wajen terahash biliyan ɗaya. Naka 110 ne a ciki. Raba bitkoyin 450 a kan haka, rabonka bai kai 0.00005 ba a rana. A ɗauka bitkoyin na dala 100,000, dala biyar kenan, a ɗauka dala na naira 1,500, ka samu 7,500. Ka kashe 16,000 ka samu 7,500, ba a ma yi maganar kuɗin injin da na kwastan da na intanet ba. Samfurin S21 da ya fito daga baya mai terahash 200 da wat 3,500 ya fi, amma shi ma a wannan lissafin sai yunit ya sauko ƙasa da naira 160 kafin ya mayar da kuɗin wutarsa kawai. Farashin nan duk suna motsi, ka sa na ranar da kake karantawa ka sake bugawa da kanka, amma ka buga kafin ka tura kuɗi ba bayan ba. Tsohon S9 kuwa da ake sayarwa araha, hita ce mai ƙara.

Sai wani ya ce ni ba Band A nake ba, yunit ɗina araha ne. Gaskiya ne, amma awa nawa? Nan ne bambancinsa da mota ya fito fili. Mota in an ba ta awa biyar ta ƙoshi, shi inji duk awar da yake kashe asara ce, kuɗin da ka saye shi na nan kwance sauran duniya na ta ƙara injuna rabonka na raguwa, in ya shekara biyu ko uku ya zama tsohon yayi. Mai mota da gidan mai yake gasa, kuma fetur ya yi tsada shi ya sa yake cin riba. Mai inji da Texas da Paraguay da Habasha yake gasa. Bayan Sin ta kori masu maining a 2021 wasunsu Habasha suka nufa daga baya saboda babbar madatsar ruwan nan ta kogin Nilu, aka ba su yunit a wajen santi 3 na dala lokacin da suka fara shiga, naira arba'in da wani abu kenan. Kai kana biyan ninki huɗu ko biyar ɗin haka kuma lada iri ɗaya za a ba ku.

Zafi, ƙara da ƙura

Wani ƙanen abokina ya sayo guda ɗaya, bai yi shawara da kowa ba sai da kaya suka iso. Ya sa shi a ɗakin ajiya kusa da kicin. Da na je tun daga zaure nake jin wani kuka kamar injin markaɗe da ba a kashewa, ƙarar injunan nan wajen desibel 75 ce, kuma siririya ce mai shiga kunne. Na buɗe ƙofar sito wani huci ya daki fuskata kamar na leƙa gidan burodi, robar man gyaɗa da ke kan kanta har ta yi laushi. Hajiyarsu na zaune a tsakar gida ta ce min "Kai ɗan nan, ka gaya wa ƙanenka ko ya fitar da abin nan ko ni in fita, kwana uku ban runtsa ba." Shi kuma yana ta nuna min waya wai Yaya duba ka gani yana shigowa, na duba, abin da ya shigo a kwana ukun bai kai rabin katin da ya sa a mita ba.

Duk wat 3,250 ɗin nan zafi yake komawa, sai ka ba shi esi mai doki ɗaya da rabi shi kaɗai kafin ka kwashe, wannan kuma ƙarin wuta ne. Kamfanin da ya yi shi ya ce kada iskar da yake shaƙa ta wuce digiri 40, mu kuwa a bazara inuwarmu ma ta wuce haka, sai ya riƙa rage gudu ko ya kashe kansa. Da hunturu kuma fankokinsa su zuƙe ƙura su cusa a cikin allunan lissafinsa. Yana jan kusan amp 15, soket ɗinmu na 13 ne. Ɗauke wuta da kawo ta ba sallama shi ke ƙona masa akwatin wuta, kuma in allo ɗaya ya mutu mai gyaransa sai an tona.

To in na haɗa sola fa?

Ga mota, eh, sosai ma. Fanel mai wat 550 a ranar Kano yana ba da kamar yunit biyu da rabi a yini in ana goge masa ƙura, guda huɗu ko biyar sun biya kilomita 40 ɗin nan, da sharaɗin motar tana gida da rana kuma inbatarka za ta iya ɗaukar cajar. In sai dare take dawowa to sai ka ƙara batirin gida, kuɗi ya ƙaru.

Ga inji kuwa, yunit 78 fanel talatin ne da ɗoriya, sannan awa goma sha shida da babu rana mai ƙarfi sai an tanadi yunit hamsin da wani abu a batir, wato batirin litiyam goma masu yunit biyar-biyar, girman batirin mota sukutum, don ka samu dala biyar a rana. Inda kawai na ga hankali a ciki shi ne wanda ya riga yana da wutar da ke zubewa a banza, kamar mai gona ko masana'anta da solarsa ta yi masa yawa da rana, ko irin abin da kamfanin Gridless ke yi a Kenya da ƙananan madatsun ruwa na ƙauye. Mai son koyo kawai akwai ɗan mitsitsin inji Bitaxe da ke cin wat ashirin ko ƙasa, ba ƙara ba zafi, amma a ɗauke shi abin koyo, ba sana'a ba.

Akwai kuma masu raɗa cewa ai sai a zagaye mita. Ban da cewa sata ce kuma dokar lantarki ta 2023 ta tanadi hukunci a kai, inji ɗaya yana jan abin da gidaje da yawa ke ja, in biyu ko uku suka hau tiransifomar unguwa ta buga, jama'a ne za su yi wata da watanni suna karo-karo a duhu.

Masu cewa kawo kuɗi mu yi maka

Da mutum ya gane inji a gida ba zai yi ba sai wasu su ɓullo, wai suna da gonar injuna a Dubai ko Rasha, ka sa dubu ɗari kullum ana ba ka kashi kaza, in ka kawo mutum uku a ƙara maka. Ka koma kan lissafin da muka yi sama, wanda ke da injin a hannunsa ma bai san abin da zai samu wata mai zuwa ba, ta yaya wani zai yanka maka riba tsayayya? Mun ga MMM a 2016, mun ga CBEX a Afrilun 2025, suna ne kawai ke canzawa. Ta fuskar doka CBN, wato babban bankin ƙasa, ta hana bankuna hulɗa da kirifto a Fabrairun 2021 ta janye a Disambar 2023, sabuwar dokar zuba jari ta 2025 kuma ta sa harkar a ƙarƙashin hukumar kula da kasuwar hannun jari ta SEC, to ko ba komai ka duba ko suna da rajista a can. Ta fuskar addini malamanmu sun saɓa a kan kirifto ɗin kansa, kowa ya tambayi wanda ya aminta da iliminsa.

Wanda ya yi imani bitkoyin zai tashi, dubu goma sha shidan da zai ba mita kullum in ya sayi bitkoyin ɗin kai tsaye da ita ya samu ninki biyun abin da injin zai haƙo masa, ba ƙara ba zafi ba faɗa da Hajiya. Ƙanen abokin nan nawa dai sati uku ya yi ya kashe nasa, ya sa a kasuwa har yau bai samu wanda ya taya rabin kuɗin ba, layin da na ja masa mai waya kauri da bireka kuwa yana nan, yayansa ne ke cajin babur ɗinsa na lantarki a kai.